Waye ya hau motar El-Rufa'i a Abuja?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na ga wata doguwar bas a Berger, sai ta tuno mini da 2006, shekarar da aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista. Dogayen motocin gwamnati ne suka maye gurbin, shi ya sa har yau sunansa ya bi su. Waye ya hau su a cikinmu?

Ɗan Mararaba: Wa alaikumus salam Baba. Ni kam shekara huɗu ina hawa. Da an sallame asuba nake fita, don in ka bari gari ya waye, cunkoson Nyanya zuwa AYA sai ya cinye maka awa biyu. Kujera sai mai rabo. Hannu ɗaya na riƙe da ƙarfen sama, ɗayan na dafe da aljihu, kan wani a hammatarka. Ga mai maganin basir yana ta zuba tun daga gadar Nyanya, bai gama ba sai ga mai wa'azi ya miƙe. Amma fa kuɗin bai kai na tasi ba ko kusa.

Tsohon Ma'aikaci: Ɗana, ku kun zo daga baya. Kamfanin gwamnati da ke da motocin nan ya girmi zamanin El-Rufa'i nesa ba kusa ba, tun 1984 aka kafa shi, kafin ma gwamnati ta baro Legas a 1991. Malam dai ya ƙaro motoci, suna kuma ya bi shi.

Maman Ilham: Ni abin da ya sa na fi son su, kwanciyar hankali. Wata maƙwabciyata ta shiga wata ƙaramar mota da magariba, ashe 'yan wan-cans ne, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi, suka ƙwace mata waya da jaka suka turo ta waje. Tun ranar, gara in yi layi a Kubwa ko rana na dukana.

Ɗan Mararaba: Allah ya kyauta Hajiya. Kin tuna 2013 da aka hana ƙananan bas, araba, shiga cikin gari? Makon nan da ƙafa na taka daga AYA har Area 11, na isa ofis rigata sharkaf.

Baban Sadiq: Da aka cire tallafin mai a 2023 na san darajarsu. Akwai wanda ya hau ta layin Gwagwalada kwanan nan?