Baƙi nawa Rumsiki za ta ɗauka?

Direbobi da 'yan rakiyar baƙi sun yi hira a tashar Mokolo da ke arewacin Kamaru, kuma bakinsu ya zo ɗaya: in masu yawon buɗe ido suka dawo ƙauyen Rumsiki da ke cikin duwatsu kamar kafin sace Faransawa kusa da gandun dajin Waza a 2013, dattawan Kapsiki, ƙabilar garin, ne za su yanke adadin kowace rana, ba masu otal ba. An daɗe ana magana kan gidan bokan Rumsiki mai duba da ƙaguwa, wanda baƙi kan ziyarta. Tsakar gidan ba ya ɗaukar taro, sai a shiga kaɗan-kaɗan, a nemi izini kafin hoto. Da rani, lokacin baƙi, ruwa kan yi wuya, sai a rage baƙin. Kuɗin shiga a zuba asusun gari. Wa zai riƙe asusun, nan gardama ta kaure.