Neman shawara: ina zan samu tallafin haɗa bidiyon horas da malaman lissafi?

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da dabarun koyar da lissafi ga 'yan NCE a wata kwalejin ilimi a nan jihar Katsina. A zangon koyarwar gwaji da ya wuce na je duba wata ɗalibata a wata firamare a Daura. Ta rubuta 1/2 + 1/3 a allo. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce 2/5, wato ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ta ce masa "ba daidai ba, zauna", ta rubuta 5/6, ta ci gaba. Da muka fito na tambaye ta ta ina yaron ya samo amsarsa, ta yi shiru. Yarinyar nan ta iya lissafi, amma ba ta taɓa ganin malami ya bi sawun kuskuren yaro har ya gano tushensa ba. Abin ya tsaya mini a rai, don mu ne ba mu nuna mata ba.

Ina son haɗa gajerun bidiyoyi da zane mai motsi da ɗalibaina za su riƙa kallo kafin su shiga aji. Na ji ana ba malamai tallafi na lokaci da kuɗi don irin wannan aiki. Ina zan nufa? Kuma da Hausa zan yi ko da Turanci?

Malamin jami'a, Katsina:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da na gida. In kwalejinku ta gwamnati ce, TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na da kason binciken da ake yi a cikin makaranta, wanda ake kira IBR. Ba kai tsaye ake nema ba, sai ta hannun kwamitin bincike na kwalejinku. Sai dai ka lura, kuɗin bincike ne. In ka rubuta "ina son kyamara da kwamfuta" ba za su waiwaye ka ba. Ka raba ɗalibanka gida biyu, wasu su kalli bidiyon, wasu su yi darasin da aka saba, sannan a ba su amsoshin yara masu kuskure su bayyana musabbabinsu. Labarin yaron nan na Daura shi ya kamata ya buɗe takardar.

Hajiya, tsohuwar shugabar firamare, Kofar Soro:
Ɗana, ni maganar kuɗi ba fannina ba ce, amma ka ji wannan. Kada ka tsaya gaban farin allo da rigarka mai guga kana bayani kana ɗaukar kanka. Wannan sun gaji da gani. Ka je ajin gaske, mai cunkoso da hayaniya, ka samu gogaggiyar malama, ka ɗauki lokacin da yaro ya yi kuskure da abin da ta yi a kai. Da ni ce a ajin nan, mudu zan ɗauko. In zuba gero rabi, in tambayi yaron: in na ƙara sulusi, zai ƙaru ko zai ragu? Zai ce zai ƙaru. To biyu bisa biyar ai bai ma kai rabi ba. Shi da kansa zai gane amsarsa ba ta zauna ba, ba tare da an kunyata shi ba.

Kuma kafin ka kunna kyamara ka je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da shugaban makaranta, a sanar da iyaye su amince a rubuce. Musamman iyayen 'yan mata. In za ka iya, ka ɗauko daga bayan aji, a ga allo da hannuwa ba fuskoki ba.

Tsohon ɗalibin NCE, Dutsin-Ma:
Malam, don Allah a tausaya wa datarmu. Minti huɗu ko biyar ya isa, mara nauyi, wanda za mu tura wa juna ta Xender ko WhatsApp. Yawancinmu waya muke da ita, ba kwamfuta ba. Kuma murya ta fi hoto muhimmanci, a sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuya. Don zane kuwa akwai manhajar GeoGebra, kyauta ce, tana aiki ko babu intanet.

Malamin sakandare, Funtua:
Ni dai ina ganin Turanci. Da shi suke rubuta jarabawa, kuma masu ba da tallafi daga waje ba sa jin Hausa.

Malamar lissafi, Daura:
Malam na Funtua, ban yarda ba. Yaron aji huɗu a ƙauye da Hausa yake tunani, kuma ɗalibar nan da Hausa za ta lallaɓo shi. In ba ta taɓa jin yadda ake wannan hirar da Hausa ba, a ina za ta koya? A bar maganar aji yadda ta fito, a sa fassarar Turanci a ƙasan hoto. Kalmomin ma muna da su tun daga karatun rabon gado: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi. Ba baƙi ba ne mu a lissafi. Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimin lambobi da har yau masana tarihin lissafi ke ambato. Ka buɗe bidiyo ɗaya da hatimi mai gida tara, wanda kowane layi ke ba da 15, ka ga yadda za su zuba ido.

Jami'in ilimi, Kaduna:
Ƙari a kan TETFund: ka tuntuɓi Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a nan Kaduna, wadda ta yi shirin SMASE na horas da malaman lissafi da kimiyya tare da hukumar JICA ta Japan. Akwai kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja. Daga waje, Commonwealth of Learning da ke Kanada na mayar da hankali kan kayan karatun da kowa zai iya ɗauka kyauta. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a duba takardarka, ɗan damfara ne. Kuma ka karanta sharaɗin mallaka da kyau, kada ka gama wahala a hana ka raba wa sauran kwalejoji.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, kin sauya mini tsarin gaba ɗaya, don da farko kaina na yi niyyar ɗauka. Ba zan jira tallafi ba, zan fara da bidiyo uku a wayata in haɗa su da takardar neman. Malama ta Daura, ko za ki yarda a fara da ajinki in iyaye sun amince? Mudun da geron ni zan kawo.