Musayar Waƙa a Kan Oimiyakon, Ƙauyen Sanyi na Siberiya

Mai Taswira:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Maudu'inmu na wannan mako shi ne ƙauyen Oimiyakon na ƙasar Rasha. Sharaɗin shi ne na kullum: ƙwar huɗu, babban amsa-amo ya faɗa a kan "ya", kuma duk wanda zai saƙa adadi ko shekara a baiti ya tabbatar da ita tukuna.

Da sunan Allah Mai iko da kowa,
Wanda ya sa wa rana fita da faɗuwa,
Zan kai ku ƙauyen da ke da wuyar zuwa,
Oimiyakon, can gabashin Siberiya.

Jamhuriyar Sakha ce ta ɗauke shi a goye,
Wadda girmanta ba ya yiwuwa a ɓoye,
Murabba'in kilomita miliyan 3 ta haura a zagaye,
Babu jihar da ta kai ta faɗi a duniya.

Ƙauyen na zaune a gaɓar kogin Indigirka,
A cikin kwarin da iska mai nauyi ke sauka,
Duwatsu sun kewaye shi ta fuskoki duka,
Sai sanyi ya kwanta a ƙasa ya rasa hanya.

Teku ta yi nisa, ba ta aiko masa da ɗumi,
Hasken Disamba awa 3 ne, in ji masu ilimi,
Shi ya sa dare ke daɗewa a cikin wannan rami,
Duk da yana bisa teku da mita 700 da ɗoriya.

Ɗan Kogi:

Malam, ka zana ƙasa amma ka bar ma'auni,
To bari ƙaninka ya ƙara maka bayani:
A Fabrairun 1933, cikin wancan zamani,
Aka auna digiri 67.7 ƙasa da sifiri, ba ƙarya.

Akwai kuma 71.2 da aka rubuta a jikin alama,
Inda baƙi ke ɗaukar hoto hagu da dama,
Da wannan adadi ne sunan ƙauyen ya yi sama,
Ya zama sarkin sanyi a ƙauyukan duniya.

Hajiya Mai Alƙalami:
Ƙanena Ɗan Kogi, baitinka na farko ya tsaya da ƙafarsa, amma na biyun yana buƙatar gyara, domin ba kowane adadin da aka kafe a dandali ne hukumar yanayi ta amince da shi ba.

Ƙanena, ka haɗa awo da ƙiyasi wuri guda,
Alhali masana sun raba su tun da,
71.2 lissafi ne wanda ya rasa shaida,
Ga Obruchev ake jingina shi, mai binciken duwatsu na jiya.

Sannan akwai Verkhoyansk, gari ne na arewa,
Wanda a 1892 ya riga kafa tarihin daskarewa,
Da digiri 67.8, har yau ana ta fafatawa,
Kan wanda ya cancanci kambun sanyi bisa gaskiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bazara,
Sa'ad da yini ke kai awa 21 ya narkar da ƙanƙara,
A Yulin 2010 zafi ya kai 34.6, sai ku tara,
Tazarar ta haura digiri 100 a wuri ɗaya.

Almajirin Tarihi:
Iyayena da yayyena, kun daɗe a kan sanyi, ni kuwa abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda mulki ya zo wa ƙauyen nan, ya zauna na ɗan lokaci, sannan ya tashi ya bar shi da shugabancin 'yar ƙaramar hukumar karkara kawai.

Kafin Mosko ta san da zaman wannan yanki,
Evenawa na bin barewarsu, kiwo ne aiki,
Sakhawa kuwa na riƙe da saniya da doki,
Kowa ya san makiyayarsa da lokacin tafiya.

A 1632 'yan Kosak, mayaƙan Rasha, suka kafa sansani a bakin kogin Lena,
Wanda ya zama Yakutsk, birnin da ya yi suna,
Daga can aka ɗora harajin fatu, ba na gona,
Domin fatar dabbar daji ce a lokacin dukiya.

Da mulkin gurguzu ya kafu aka sake tsari,
A 1922 aka ba Sakhawa jamhuriyar Yakutiya tun da fari,
A 1931 aka yanka gunduma aka sa mata sunan gari,
Oimiyakon ya zama hedikwata, ya zauna tsakiya.

Sai dai an gano zinariya a kwarin kogin Nera,
Garin Ust-Nera ya tashi, ma'aikata ya tara,
A 1954 can hedikwatar gunduma ta yi ƙaura,
Sunan ya zauna, amma kujerar ta bi zinariya.

Hanyar Kolyma da ta ratsa yankin, fursunoni ne suka fasa,
A zamanin Stalin aka kwaso su daga nesa,
Da yawansu sanyi da yunwa suka kai su ƙasa,
Hanyar Ƙasusuwa ake ce mata, sunan na sosa zuciya.

A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Amurka
Da aka ba Sobiyet aro, suna tasowa daga Alaska,
A filin da ke kusa da Tomtor, ƙauye maƙwabci, wasunsu ke sauka,
Kafin su nufi fagen daga can yammacin nahiya.

Mai Taswira:

Ƙidayar 2002 ta sami mutum 521 a ƙauye,
Ta 2010 ta ce 462, wasu sun janye,
Amma ku dubi gundumar da ke kewaye,
Can ne adadi ya yi mummunan komawa baya.

Sun haura dubu 30 a 1989, kafin rushewa,
Da Sobiyet ta faɗi, mahaƙu suka yi ta rufewa,
Zuwa 2010 dubu 10 suka rage bayan watsewa,
Kusan biyu cikin uku ke nan suka ɗaure kaya.

Ɗan Kogi:
Yaya Hajiya, in haka lamarin yake, ina tambayar abin da ya zaunar da sauran.

Ƙasar a daskare take, da ƙyar take karɓar iri,
Kafin a haƙa kabari sai an kwana ana hura wuta a wuri,
Ba a kashe mota a waje in an yi nisa ƙasa da sifiri,
Yakutsk kuma kwana 2 ce in an isa lafiya.

Ni a ganina da an kwashe su an kai birni,
Inda akwai babban asibiti da famfo na zamani,
Da ya fi musu wannan wahala ta ƙarni da ƙarni,
Hajiya, ki ba ni amsa, ina sauraron murya.

Hajiya Mai Alƙalami:

Ƙanena, ka bambance wanda ya tafi da wanda ya zauna:
Yawancin masu tafiya albashi ne ya kawo su, ba ƙauna,
Da albashin ya karye suka koma inda suka saba kwana,
Kuma ba na zarginsu, domin can suka baro zuriya.

Masu zama kuwa suna da dokin da ba ya shiga ɗaki,
Yana tone ƙanƙara da kofato ya ci ciyawa, ba ya raki,
Namansa da kifin kogi su ne abincin da ke riƙe jiki,
A nan kakanninsu suke, a nan aka binne cibiya.

Ruwan sha daga kogi ake yanko shi a daskare,
A jibge a ƙofar gida, a riƙa narkarwa a tsare,
Wanda ya iya wannan rayuwa a ƙasarsa ya ƙware,
In ka kai shi bene a Yakutsk, ka raba shi da garke da makiyaya.

Abin da nake nema musu shi ne likita,
Da makamashin da zai isa ɗumama makaranta,
Da hanya mai kyau wadda ba ta cin mota,
Wannan ne hakkinsu a kan masu mulki a Yakutiya.

Almajirin Tarihi:

Hajiya, zancen hanya da kika ɗauko yana da tushe,
Babbar hanyar tarayya ta bi ta Ust-Nera a ƙarshe,
Tsohuwar da ta ratsa Tomtor, gadojinta na gabas sun rushe,
Yanzu ta reshe ake shiga ƙauyen daga babbar hanya.

Mai Taswira:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura batun Tomtor kansa, wanda tashar auna yanayi take kusa da shi, kuma a can ake yin bikin sanyi a watan Maris, don haka shi ma yana da'awar kambun da ake ta jayayya a kansa. Wanda ya shirya ya ɗauka daga nan, amsa-amon yana nan a kan "ya".