Ma'ajiyarmu ta ƙi gane fayilolin APK masu kama ɗaya

Assalamu alaikum. Mu uku ne muke haɗa manhajojin Android a wani ɗan ofis da ke Zoo Road, kuma fayilolin gini sun cinye mana faifai. Sai na shirya ma'ajiya irin tsarin Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli: kowane fayil ana lissafa masa lambar SHA-256, wadda ake samu daga abin da ke cikinsa, ita ce sunansa, in lambar tana ciki ba a sake ajiye shi.

Hotuna da laburaren da muke saukowa suna tafiya daidai. APK, wato fayil ɗin da ake girka manhajar Android da shi, ne ya gagare ni. Ko harafi ban taɓa ba, in na sake gini sai sabuwar lamba ta fito, ma'ajiyar ta ɗauke shi baƙo.

Na san APK kunshin ZIP ne, wato fayiloli da yawa a matse cikin ɗaya, shi ya sa na zargi lokacin da ake rubutawa jikin fayiloli. A Gradle, manhajar da muke gini da ita, na kashe preserveFileTimestamps mai adana lokacin fayiloli, na kunna reproducibleFileOrder mai jera su iri ɗaya kullum. Fayilolin JAR, wato kunshin Java, suka daidaita, APK kuwa lambarsa ta ci gaba da bambanta, musamman tsakanin kwamfutata da ta abokin aikina. Da na warware APK guda biyu, kusan duk abin da ke ciki lambarsa ɗaya.

Don Allah, in riƙa warware APK ina ajiye 'ya'yan cikinsa ɗai-ɗai, zan iya mayar da shi ba tare da sa hannunsa na dijital, mai tabbatar da wanda ya gina shi, ya lalace ba?