Shawarwarin malaman Zariya kan koyar da sauyin yanayi

Malaman da suka tattauna batun a Zariya sun yarda kada a ƙirƙiro sabon darasi, jadawali ya riga ya cika. NERDC, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, ita ce ke tsara manhaja, amma misali na malami ne, sai ya cusa batun cikin kimiyya da aikin gona.

Misalin kuwa ya fito daga gida. Yaron Tudun Wada bai damu da ƙanƙarar Turai ba, amma ya san yadda leda ke toshe kwata a watan Agusta, ruwa ya shiga ɗaki, katangar ƙasa ta jiƙe ta zube. A kai yara bakin kogin Kubanni su ga zaizaya da idonsu. Wata malama ta ce a yanke gorar roba a zana mata awo, su riƙa rubuta ruwan da ya sauka kowace safiya, a gwada da hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa. Wannan ta fi burge ni, ba ta cin ko sisi.

Da aka tuna ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, an nemi a riƙa atisayen ficewa daga aji kowane zango. Dashen bishiya kuwa, a jira damina ta kankama.