Starlink ko layin waya: wanne ya dace da shagon kwamfuta a garin da babu fayiba?

Mai Shagon Buga Takardu:

Assalamu alaikum. Shago ne mai kwamfutocin kan tebur 6, firinta ɗaya da injin fotokwafi, a hedikwatar ƙaramar hukuma inda wayar fayiba ba ta iso ba. Aikin shi ne cike fom, buga takardu da tura fayil. Sabis ɗin 4G yana ja da safe, amma daga la'asar sai ya kwanta. Shin a sayi Starlink ne, wato intanet ɗin tauraron ɗan'adam da ake kamawa da faranti, ko a zuba kuɗin a sola a ci gaba da lallaɓa layin waya? Kuma me ya bambanta shi da intanet ɗin tauraron ɗan'adam na da, wanda aka san shi da nauyi?

Injiniyan Sadarwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bambancin duka a nisa yake. Tsofaffin taurarin sadarwa, irin NigComSat-1R na Najeriya da aka harba daga Sin a Disambar 2011, suna zaune ne a nisan kilomita 35,786, inda tauraro ke zagayawa daidai da juyin duniya, shi ya sa faranti ke kallon wuri ɗaya har abada. Idan ka danna shafi, saƙonka zai hau ya sauko, amsa ma ta hau ta sauko. Tafiya huɗu ke nan, kusan kilomita 143,000, kuma ko da gudun haske sai ta ci kusan rabin daƙiƙa. A aikace jinkirin yakan kai milisakan 600 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). Na Starlink suna wajen kilomita 550 ne, don haka jinkirin yakan tsaya a 'yan gomomin milisakan. Abin da aka biya don samun wannan shi ne tauraron ba ya tsayawa: yana zagaye duniya cikin kimanin minti 95, sai farantin ya riƙa sauka daga wannan yana kama wancan.

A nan ne yawancin matsalar kafawa take. Farantin yana son sarari buɗaɗɗe mai faɗin digiri ɗari ko fiye. Reshen dalbejiya ɗaya ko tankin ruwan maƙwabci ya isa ya riƙa yanke sabis na daƙiƙa biyu ko uku, kuma daidai wannan ne ke watsar da fom ɗin da ake tsakiyar turawa. Kafin ka biya ko sisi, sauke manhajar Starlink a waya, ka hau rufin, ka auna sararin da kyamara. Kada a kwantar da shi a kan kwanon rufi, a ɗaga shi a kan bututun ƙarfe iska ta ratsa ƙarƙashinsa, domin an ƙera shi ne ya yi aiki zuwa digiri 50, kwano kuwa a watan Afrilu yana wuce haka. Hazon hunturu bai cika damunsa ba. Ruwan sama mai ƙarfi ne ke kashe shi na wasu mintuna, saboda ɗigon ruwa yana shanye irin zangon da yake aiki da shi.

Mai Haɗa Sola:

Alhaji, tambayarka ta biyu, wato ta sola, ita ce ta farko. Farantin Starlink samfurin Standard yana cin wat 75 zuwa 100. A ce wat 85 na awa 12, kilowat-awa ɗaya ke nan a rana, idan kuma aka bar shi ya kwana a kunne ya zama biyu. Batir mai ruwa 12V 200Ah a takarda yana ɗauke da kilowat-awa 2.4, amma rabi kawai ake sha idan ana son ya yi ƙarko. Ke nan farantin shi kaɗai ya kusa cinye batir guda. Falan sola mai wat 400 a ranar arewa yakan ba da wajen kilowat-awa 1.5 bayan an cire asara, in dai ana goge masa ƙura.

Amma ba farantin ne babban maci ba. Tsohuwar kwamfutar kan tebur da allonta takan ci wat 100 zuwa 150, guda 6 sun kai wat 600 zuwa 900. Laftof na hannu takan tsaya a wat 30 zuwa 45, ga batirinta a ciki, ko an ɗauke wuta aikin kwastoma bai ɓace ba. Idan ka musanya shidan da laftof, ka sa musu allon rubutu da linzami na waje don kada a lalata nasu, wutar da ka rage ta ciyar da faranti har da saura mai yawa. Injin fotokwafi kuwa kada ya hau ƙaramar inbata. Lokacin da yake ɗumama kansa yakan ja wat 1,000 ko fiye a tashi ɗaya, inbata ta yanke, farantin ya mutu, a jira mintuna kafin ya sake kama tauraro. A ba shi layinsa daban ko janareta. A cikin manhaja kuma a kashe saitin narkar da ƙanƙara, a sa masa lokacin barci da dare.

Hajiya Mai Lissafi:

Ni inda nake jan hankali, Alhaji, shi ne kuɗin shagonka naira ne, kayan kamfanin kuwa da dala aka ƙera su aka harba. Tun da sabis ɗin ya fara a Najeriya a Janairun 2023 farashi yake motsi. A Oktoban 2024 sun sanar da ƙari daga naira 38,000 zuwa 75,000 a wata, sai da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce ba da izininta ba aka janye. A ƙarshen shekarar kuma an dakatar da karɓar sababbin masu rajista na gida a Legas da Abuja saboda cunkoso. Don haka ka yi lissafinka da ninkin kuɗin wata na yau. Raba shi gida 26, kwanakin aiki, ka ga fom nawa za a cike kullum kafin a biya intanet kaɗai. In shagon zai ɗauka a hakan, bismilla. Kuma tsarin rajistar Starlink na gida bai halatta ka sayar wa maƙwabta Wi-Fi ba, kada a sa wannan a cikin ribar da ake hange.

Injiniyan Sadarwa:

Hajiya ta yi gaskiya a kan dala, sai dai akwai dalilin da farashin ya sauko har shago ke iya tunaninsa. Tauraron ƙasa-ƙasa shekara biyar ake ƙiyasta masa, alhali irin NigComSat-1R an tsara shi ya yi 15, kuma ana bukatar dubbai maimakon ɗaya. Wannan ciniki ba zai yiwu ba sai roka ta yi araha. A Disambar 2015 ne kamfanin SpaceX, mai Starlink, ya fara sauko da kashin farko na rokar Falcon 9 a tsaye a Florida, a Maris 2017 ya sake harba wadda ta taɓa tashi, a Mayun 2019 ya harba taurari 60 a tashi ɗaya. Yanzu akwai rokokin da suka tashi fiye da sau 20. Ga kuma fa'idar yawa: NigComSat-1 na farko, wanda aka harba a 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar fukafukan solarsa, sai da aka jira shekara uku kafin madadinsa. A cikin dubbai kuwa in ɗaya ya mutu, ba wanda zai lura.

Idan za a saya, kada a jefar da layin wayar. A sa na'urar rarraba intanet mai karɓar layi biyu, irin MikroTik, farantin a ƙofa ta ɗaya, 4G a ta biyu, ta juya da kanta idan hadari ya taso. A ƙayyade wa kowace kwamfuta iyakar gudunta, a mayar da sabunta Windows zuwa bayan an tashi. Tsarin gida ba ya ba da lambar IP taka kai kaɗai, wato adireshin da ake samun na'ura da shi a intanet, saboda haka kyamarar tsaro da ake leƙawa daga gida sai ta bi ta manhajar kamfaninta. Bututun da ke rufi kuma a ɗaure masa wayar tagulla zuwa sandar da aka kafa a ƙasa kafin damina ta faɗi.