Na riga kowa yankar tikitin jirgin ruwa amma ni ne ban da rabo a rangwame, wannan adalci ne?

Abu_Mabera:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina son a duba min wannan lamari ko ni ne nake ganin ba daidai ba saboda aljihuna ya taɓu.

Ina karatu a Ingila da iyalina, yanzu haka dai ina gida Sakkwato na zo auren ƙanwata. Tun watan Fabrairu na yanki tikitin jirgin ruwa daga Dover zuwa Calais ta Faransa, zuwa da dawowa, da mota da ni da maiɗakina da yara uku, don mu kai wa wani aminina ziyara idan an yi hutun makaranta na watan Agusta. Fam 210 na biya, mafi arhan tikiti na ɗauka wanda ba a mayar da kuɗi in ka fasa, na sani ban musa ba. To sai Allah ya yi wa baffan ango rasuwa aka ɗaga ɗaurin aure da sati biyu, kun san ba yadda za a yi in bar Hajiya da hidima in koma, dole na ɗaga tafiyar tamu ita ma.

Ina zaune a zaure da dare ana ta lissafin buhunan shinkafa da goro sai ga imel daga kamfanin, wai garaɓasa, an rage kashi 20 cikin 100. Na ce Alhamdulillahi faɗuwa ta zo daidai da zama. Na shiga don in canza rana, sabuwar ranar kuɗinta fam 260, na sa lambar rangwamen ta ƙi shiga, na sake sawa ta ƙi, sai can ƙasa da ƙananan rubutu na ga wai na masu yankar sabon tikiti ne kawai. Ƙarshe dai sun ce in cika fam 50 na bambancin farashi, in ƙara fam 40 ladan canza rana. Wato ni zan tashi a fam 300, wanda ya zo yau da rana tsaka bai taɓa ba su sisi ba zai shiga jirgi ɗaya da ni a fam 208. In kuma na ce zan watsar da tsohon in sayi sabo, 210 ɗina ta tafi. Fam 90 ɗin nan a canjin yanzu ta kusa naira dubu 180 fa, ga biki a gabana.

Kuɗina wata shida ke nan suna hannunsu. Tambayata, wannan ciniki ne ko zalunci?

ƊanKara_Albasa:

Wa alaikumus salam Dakta. Allah shi jiƙan mamaci, Allah shi sa a yi taro lahiya. Amma ni dai ban ga laihin kamfanin ga ba, kai haƙuri. Ka tuna ragon layya, wanda yas saye sati guda kahin Salla da tsada, ranar jajibiri kasuwa ta hwaɗi, ka taɓa ganin ya koma Kara ya ce a maido mai ciko? In kuwa tsada ragon yay yi ai ba shi komawa ya ƙaro ma mai rago ko kwabo. Kai ka sayi kwanciyar hankali tun Fabrairu, wurin motarka na nan an aje maka, shi wanda yaj jira caca yay yi, yana iya zuwa ya iske jirgi ya cika.

Kuma ka je tasha ka gani, in mota ta rage mutum guda ko biyu rana na yi, ɗan kamasho na jan mutum gefe ya rage mai kuɗi ya ce kak ka hwaɗa ma kowa. Waɗanda sunka shiga tun da sahe sun biya cikakke kuma su anka bari cikin zahi suna jira. Haka kasuwa take tun kakanni.

Abu_Mabera:

Alhaji na ji misalinka kuma rabinsa na yarda. Da ban taɓa tikitina ba, suka yi rangwame bayan na saya, wallahi ba zan ce uffan ba. Amma ai su ne suka sake buɗe cinikin, suka ce tunda na canza rana to da farashin yau za a yi min lissafi. To madalla, nawa ne farashin yau? 208 ne, shi kowa ke biya. Ni kaɗai aka ajiye wa 260. In tsada ce farashin yau ya hau kaina, in arha ce sai a ce ni tsohon ciniki ne. Ɗan kamashon naka ma ai ba ya cewa wanda ke cikin mota ya ƙaro kuɗi don ya koma kujerar baya.

Maman_Iman_Arkilla:

Yaya Abu sannu da hidima. Ni aikina ke nan yankar wa mutane tikiti, na jirgin sama ne dai na Abuja da na masu Umara amma tsarin duk kusan ɗaya ne, kullum sai na sha wannan rigimar a ofis, mutum ya ɗauki tikitin garaɓasa yana murna ranar da zai canza ya zo yana min faɗa kamar ni na ci kuɗin.

Abin da ya kamata ka gane, rangwamen nan ba kyauta ba ce ta godiya ga kwastoma, ƙugiya ce. Jirgi zai tashi ko ya cika ko bai cika ba, mai da ma'aikata duk kuɗinsu ɗaya, wurin mota da ya tafi fanko kuma ba a ajiye shi a sayar gobe kamar buhun gero. Shi ya sa suke neman wanda bai yi niyyar tafiya ba su jawo shi. Kai kuwa ka riga ka shiga hannu. Kuma da za su bari a riƙa sa lambar wajen canji, duk wanda ya saya da wuri sai ya matsar da tafiyarsa da awa biyu kawai don a rage masa, ƙofar da suke toshewa ke nan. Ban ce ya yi daɗi ba, dalilin dai nake faɗa maka.

Ta fannin doka kuma kar ka sa rai sosai. Akwai dokar Tarayyar Turai mai lamba 1177 ta 2010 kan haƙƙin fasinjan jirgin ruwa, Ingila ma ta ci gaba da aiki da irinta bayan ta fita, amma tana magana ne a kan laifin kamfani. In sun soke tafiya ko tashi ya yi jinkirin fiye da minti 90 sai su ba ka zaɓi, a mayar maka da kuɗinka ko a sa ka a wani jirgin. A gajeriyar tafiya irin taku ta kamar awa ɗaya da rabi, in an makara isa da awa ɗaya kana da diyyar kashi 25 na kuɗin tikiti, sai dai in iska ce ko wani abin da ya fi ƙarfinsu. Canjin da ya fito daga wajenka kuwa sharuɗɗan tikitinka ne ke hukunci. Har kwana 14 ɗin nan da ake ba wanda ya sayi kaya ta intanet ya fasa, ba ta shafi tikitin sufuri ba.

Shawarata ka bar shafin nan ka kira su a waya, mutum yana da ikon da kwamfuta ba ta da shi, ka ce rasuwa aka yi a dangi, wani lokaci suna yafe ladan canjin. Sannan ka duba tsakiyar sati da jirgin asuba ko na tsakar dare, sun fi na Juma'a da Asabar sauƙi nesa ba kusa ba musamman a Agusta.

Almajirin_Gidan_Igwai:

Ni ɗalibi ne ba mai fatawa ba. Abin da muka karanta shi ne musulmi suna kan sharuɗɗansu, in an rubuta sharaɗin kafin ka biya kuma ka danna ka yarda to ya hau kanka ko da ba ka karanta ba, kuma mu faɗi gaskiya ba wanda ke karantawa. Mai kaya kuma yana da damar ya sayar wa wani da arha ya sayar wa wani da tsada in ba yaudara. Sai dai halas daban kyautatawa daban, akwai hadisin da ya yi alkawarin Allah zai yafe tuntuɓen wanda ya karɓi uzurin abokin cinikinsa da ya yi nadama ya warware masa cinikin. Inda ni ma abin ya tsaya min a rai shi ne tura maka tallan da suka yi. Sun san kana da tikiti, da adireshin da ka saya suka turo, sannan suka ɓoye togaciyar a ƙasa da rubutun da sai ka sa tabarau.

Bello_RunjinSambo:

Ku kuna maganar canza rana, mu da ke hawa kwale-kwale mu tsallaka Rima zuwa kasuwar Goronyo ko rasit babu balle rigar ceto, ka biya ka zauna bisa buhu kai ta salati. Dakta in ka je ka ɗauko muna hoton jirgin da ke haɗiye mota da mutanenta mu gani.

Abu_Mabera:

Bello Allah ya shirye ka, za ka ga hoto. Maman Iman na bi shawararki, na kira yau da hantsi, katin dubu uku ya ƙare ina sauraron kiɗa kafin wata ta ɗauka. Ta yi min ta'aziyya da kyau, ta ce rangwame dai ba yadda za ta yi, na'urar ba ta ma ba ta wurin sawa, ladan canji kuma sai rasuwar iyaye ko 'ya'ya ko mata suke dubawa, na tsaya ina mata bayanin matsayin baffan ango a wurinmu na ji abin ba zai shiga ba na haƙura. Amma ta samo min na ranar Talata ƙarfe 5 na asuba a fam 225, cikon 15 ke nan da 40 ɗin canji, na biya 55. Har yanzu dai na fi sabon zuwa biya. Yanzu saura in sanar da uwargida cewa ƙarfe ɗaya na dare za ta tashi yara uku mu kama hanyar Dover, ban kira ta ba tukuna.

ƊanKara_Albasa:

Bari sai an ɗaura aure ka kira ta Dakta, rigima guda-guda aka yi.